Asalin Zanen Bargo a Jikin Rumbunan Amurka

Duk matafiyin da Allah ya nufa da ratsa karkarar Amurka, idan ya bar manyan hanyoyi ya bi ƙananan da ke kurɗawa tsakanin gonakin masara da makiyayar shanu, ba zai yi nisa ba sai idonsa ya faɗa kan wani abin mamaki, wato wani babban allo mai kusurwa huɗu, wanda aka ƙawata da launuka masu ɗaukar ido, an kafa shi can sama a goshin rumbu. Rumbun nasu ba irin namu na ƙasa da jinka ba ne. Gini ne na katako, mai tsawo da faɗi, inda manomi ke ajiye ciyawa da dabbobi da kayan aiki. Baƙo yakan zaci al'ada ce da suka gada tun kaka da kakanni, alhali kuwa ba ta fara ba sai a shekarar farko ta wannan ƙarni, wato 2001, kuma sababinta alkawari ne da wata mace ta yi wa mahaifiyarta.

Kafin mu kai ga alkawarin, wajibi ne mai karatu ya san bargon da ake kwaikwayon zanensa. Matan karkarar Amurka, saboda tsananin sanyin ƙasarsu da kuma ƙarancin abin hannu a zamanin da, sun shahara da tara ƙyallayen da suka rage daga ɗinki, da tsofaffin riguna, har da buhunan fulawa da na abincin kaji a lokacin matsin tattalin arziki na shekarun 1930, su yanka su daidai wa daida, su harhaɗa su gida-gida, sa'an nan su shimfiɗa auduga a tsakiya, su sa wani yadi a ƙasa, su bi da allura su ɗinke ukun su zama ɗaya. Kowane gida na zanen yana da sunansa da aka san shi da shi, akwai Ɗakin Gungume, akwai Dagin Beyar, akwai Tauraron Ohayo, kuma uwa ce ke koya wa 'yarta, ita ma ta koya wa tata. Sau da yawa matan unguwa kan taru su kewaye bargo guda su yi masa gayya, suna ɗinki suna hira. Aiki ne mai buƙatar haƙuri da ilmin lissafi, domin kuskuren awo kaɗan a ƙyalle ɗaya yakan karkatar da zanen gaba ɗaya. Amma duk da wannan hikima, makomarsa kan gado ce ko cikin akwati, inda ba mai ganinsa sai mutanen gida.

To, a shekarar 1989 wata mata mai suna Donna Sue Groves, 'yar asalin jihar Bajiniya ta Yamma, ita da mahaifiyarta Maxine, wadda gwana ce ƙwarai a wannan ɗinki, suka sayi gona a gundumar Adams da ke kudancin jihar Ohayo, kusa da kogin da jihar ta ci sunansa. Yanki ne na tuddai, a gefen duwatsun Afalaciya, mutanensa masu ƙaramin ƙarfi ne, kuma taba ce ta daɗe tana riƙe da su. A cikin gonar akwai tsohon rumbun shanya ganyen taba, wanda Donna Sue ta ga ba shi da kyan gani ko kaɗan, saboda haka ta ce wa mahaifiyarta wata rana za ta zana mata gidan bargo a jikinsa, don ya yi kyau, don kuma a girmama sana'ar hannunta. Tunanin bai zo mata daga sama ba. Tun tana yarinya, idan suna tafiya a mota zuwa gidan kakarta, sukan yi wasan ƙirga rumbunan da suka wuce, kuma a wancan zamani dubban rumbuna a wannan yanki suna ɗauke da tallar tabar Mail Pouch, wadda masu ita kan shafe wa manomi bangon rumbunsa da fenti, su ba shi ɗan abin hasafi, su rubuta sunan hajarsu da manyan baƙaƙe. Ta riga ta san cewa bangon rumbu allo ne da kowane mai wucewa ke karantawa.

Alkawari kaya ne, in ji Hausawa, kuma wannan ya daɗe a kanta, domin shekara ta bi shekara har fiye da goma, hidimomin duniya suna hana ta. A lokacin tana aiki da Hukumar Fasaha ta jihar Ohayo, tana zagaya gundumomin kudu tana taimaka wa masu sana'ar hannu, don haka ta san halin da karkara ke ciki, ta ga noman taba yana ja da baya, matasa suna ƙaura zuwa birane, rumbuna suna ruɓewa. Da wasu abokan arzikinta suka tuna mata da maganar, suka ce za su taimaka a cika ta, sai ta kawo shawarar da ita ce, a ganina, ruhin wannan labari duka: ta ce maimakon a zana guda ɗaya a gonarsu, me zai hana a zana da yawa a rumbunan mutane daban-daban, a jera su bisa hanya, yadda baƙo zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ratsa gundumar, ya tsaya ya ci abinci, ya sayi abin da mutanen wurin ke yi? Aka kafa kwamiti na 'yan sa-kai, aka tsayar da shawara a kan zane 20, gwargwadon gidajen da kan cika bargo guda. A watan Oktoba na 2001 aka buɗe na farko, Tauraron Ohayo, a wata gonar ganyayen ƙamshi da magani da ake kira Lewis Mountain, a lokacin bikin da akan yi a can kowace kaka a wancan zamani.

A nan ya kamata mai hankali ya tsaya ya yi nazari. Wadda ta kawo tunanin, wadda kuma dominta da mahaifiyarta aka fara maganar, ba ta sa rumbunsu a gaba ba. Sai a 2003 aka kafa wa Maxine nata, zanen da ake kira Sawun Katantanwa. Da ta fara da kanta, da an ce ado ne wata ta yi wa gidanta, a yaba a wuce. Da ta jinkirta nata ta gabatar da na maƙwabta, sai kowa ya ɗauki abin nasa ne, birrul walidaini na mutum ɗaya ya zama maslahar jama'a. Kuma akwai adalci a cikinsa wanda ba a cika lura da shi ba, domin rumbu wurin aikin maza ne a mafi yawan gidaje, bargo kuwa aikin mata ne na cikin ɗaki; da aka ɗora wannan a goshin wancan, sai sunayen iyaye mata da kakanni, waɗanda ba a taɓa rubuta su a ko'ina ba, suka fito bainar jama'a, tunda da yawa daga masu rumbu sukan zaɓi zanen wani bargo da ke cikin akwatin gidansu, su ce na wance ne.

Yadda ake aikin ba shi da wuya, sai dai ba ya yiwuwa ga mutum ɗaya. Kwamiti kan zagaya ya duba rumbunan da ake hangowa daga hanya, a nemi yardar mai shi, a daidaita kan zane. Sa'an nan a samo falankin katako biyu, kowanne ƙafa 4 a faɗi 8 a tsawo, waɗanda idan an haɗa su za su ba da ƙafa 8 ta kowane gefe, domin abin da ya gaza haka yakan ɓace wa ido daga nesa. A shafa farar shimfiɗa, a fitar da layuka da ma'auni, a bi kowane launi sau biyu ko uku da fentin da ke jure ruwa da rana. Masu shafawar kuwa 'yan makaranta ne, da tsofaffi, da ƙungiyoyin mata masu ɗinki. Ranar ɗagawa kuma, a wurare da yawa, ma'aikatan lantarki na karkara ne ke kawo motarsu ta hawa turaku su kafa shi kyauta. Daga ƙarshe a buga taswira mai nuna hanya da tarihin kowane rumbu, tare da gargaɗi ga baƙi cewa su yi kallo daga bakin hanya, kada su kutsa gonar mutane ba da izini ba. Abin da ya fi ba kwamitoci wahala shi ne abin da ke zuwa bayan biki, domin rana tana cin launi, kuma bayan 'yan shekaru dole a sauke allo a sabunta shi.

Labari bai daɗe ba ya tsallaka iyaka. Gundumomin maƙwabta a Ohayo suka ɗauka, sai jihohin Tenesi da Kentaki da gundumar Grundy a jihar Ayowa, har ya kai Ontariyo a ƙasar Kanada. Donna Sue ba ta riƙe abin a matsayin mallakarta ba. Duk wanda ya tambaye ta takan yi masa bayani, burinta shi ne a ga zanen ya miƙe daga wannan gaɓar ƙasar zuwa waccan kamar barguna a kan igiyar shanya. A 2012 wata marubuciya, Suzi Parron, ta fitar da littafi a kan al'amarin tare da ita, bayan ta zagaya jihohi tana jin ta bakin masu rumbuna. Da jarrabawar rashin lafiya ta sami Donna Sue, ta kamu da ciwon daji, aikinta kuma ya kuɓuce mata, mutanen da ta koya wa wannan abu daga wurare masu nisa suna cikin waɗanda suka tallafa mata. Ta rasu a watan Nuwamba na 2021. A yau akwai irin waɗannan hanyoyi a jihohin Amurka fiye da 40, alluna kuwa sun kai dubbai, kuma masu tarihin abin sun haɗu a kan cewa daga gundumar Adams ya faro.