Tarihin Iskar Aji a Makarantun Amurka

Tarin fuka na cikin abubuwan da suka tilasta wa hukumomin ilimi kula da iskar da yara ke shaƙa a aji. A 1904 aka buɗe wata makaranta cikin kurmi a Charlottenburg, kusa da Berlin, domin yara marasa ƙarfin jiki. A 1908 likitoci mata biyu, Mary Packard da Ellen Stone, suka shawo kan birnin Providence na Amurka ya gwada irinta. Aka fasa bangon wani tsohon ginin makaranta, aka sa manyan tagogi da ake bari a buɗe har a tsakiyar hunturu. Yaro yakan zauna cikin wani irin buhun bargo, an ajiye masa dutse mai ɗumi a ƙarƙashin ƙafa, yana karatu iska na kaɗawa. Da aka samu maganin tarin fuka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, irin waɗannan makarantu suka shuɗe.

Tsadar man fetur ta 1973 ta juya akalar. Domin rage kuɗin ɗumama ɗakuna, aka toshe kafofin gine-gine, aka rage iskar da ke shigowa daga waje. Ƙura da danshi da warin fenti suka riƙa taruwa a aji, abin da ya fi cutar da masu ciwon asma. Sai kuma batun asbesto, wanda aka yi silin da shi aka kuma naɗe bututu, alhali ƙurarsa na haddasa kansar huhu. A 1984 majalisar dokokin Amurka ta amince a ba makarantu rance da tallafi don magance shi, a 1986 kuma ta wajabta binciken gine-ginensu.

Tushen matsalar shi ne yadda ake gina makaranta a Amurka. Mafi yawan kuɗin gini da gyara daga jihohi da harajin gidajen yankin suke fitowa, saboda haka unguwar talakawa ce ke zama da ruɓaɓɓen rufi da matattun injinan iska. Hukumar kare muhalli ta ƙasa ta fitar da kundin shawarwari ga makarantu a 1995, amma shawara ba ta sayen inji. A Yunin 2020 ofishin bincike na majalisa ya ƙiyasta cewa makarantu kusan 36,000 na buƙatar gyara ko sauya na'urorin ɗumama da shigar da iska.

Annobar korona ce ta buɗe bakin aljihun gwamnatin tarayya. Tsakanin 2020 da 2021 an ware wa makarantu kusan dala biliyan 190, aka ba su damar kashe wani kaso kan tagogi da matatun iska. Dokar manyan ayyuka ta 2021 ta ƙara biliyan 5 cikin shekara biyar don maye gurbin motocin ɗaukar ɗalibai masu man dizal, waɗanda hayaƙinsu ke turnuƙe ƙofar makaranta safe da yamma. Wata doka ta 2022 ta ware miliyan 50 don rage gurɓatar iska a makarantun unguwannin marasa galihu, kuɗin da bai taka kara ya karya ba idan aka dubi yawan gine-ginen. Kuɗin korona kuwa na wucin gadi ne: wa'adin ƙulla kwangila da kaso na ƙarshe ya cika a Satumban 2024, nauyin sauya matatun iska da gyaran inji ya koma wuyan hukumomin ilimi na gundumomi.