Daga Bushiya Zuwa Annobar Awaki: Tarihin Yaƙi da Ciwon Dabbobi a Ƙasar Katsina

A shekarar 2024 Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato, ta cika shekara 100 da kafuwa. A watan Yulin wannan shekarar ne kuma Shugaba Bola Tinubu ya sanar da kafa ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwo. Tun daga lokacin gardama ta sake tashi a tsakanin likitocin dabbobi da makiyaya da mahauta a Katsina: me ya sa har yau ciwon huhu da ciwon hanta da sammore suke cin garke, alhali an shekara ɗari ana bincike? Wasu suka ce rashin kuɗi ne. Wasu suka ce sai an samo sabbin alluran rigakafi. Wasu kuma, kamar kullum, suka ɗora laifin a kan jahilcin makiyayi. Ni ban yarda da ko ɗaya daga cikin ukun a matsayin tushen matsalar ba, kuma tarihin bushiya, annobar shanu, shi ne hujjata.

Tun kafin zuwan Turawa Katsina gari ne na dawaki da fatu da fatake, kuma haka Barth, matafiyin nan Bajamushe, ya same ta a 1851. Makiyayan wancan zamani ba a duhu suke ba. Sun san dajin da ƙudan tsando yake, sun san lokacin da ake kauce masa. Suna cire kaska da hannu kowace safiya, suna yi wa dabba lalas. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda Fulani suke rigakafin ciwon huhu: a yanki ɗan guntun huhun saniyar da ciwon ya kashe, a tsaga fatar karan hancin mai lafiya a cusa mata. Wurin ya kumbura ya warke, saniya ta samu kariya. Sai a tsakiyar ƙarni na 19 wani likita a Beljiyam ya bayyana irin wannan dabara a Turai.

Bushiya ce ta zo ta gagari wannan sani duka. A 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu masu ɗauke da cutar a tashar ruwan Massawa, a gaɓar Bahar Maliya. Cikin shekara huɗu ta keta Habasha da Sudan da yankin Tafkin Chadi ta iso ƙasar Hausa. Saniya ta fara da zazzaɓi, ido da hanci su riƙa zuba, baki ya yi gyambo, sai gudawa mai wari, kafin kwana goma ta faɗi. A wurare da yawa cikin shanu goma da ƙyar ɗaya ko biyu suka tsira. Wani hafsan Faransa mai suna Monteil, wanda ya ratso daga yamma ya iso Kano a ƙarshen 1891, ya rubuta irin ɓarnar da ya gani a hanya. Fulani sun sa wa wannan annoba suna Sannu, saboda jajen da aka yi ta yi wa juna. Gidaje da yawa a lokacin suka bar kiwo suka kama fartanya, wasu ba su sake komawa daji ba.

Turawa sun shiga Katsina a 1903, kuma daga 1906 zuwa 1944 Sarki Muhammadu Dikko ne a kan gado. A farkon sarautarsa, tare da jami'in Turawa Palmer, aka kafa baitulmali a Katsina, wanda daga baya sauran masarautun Arewa suka kwaikwaya. A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Babban abin da ke shiga baitulmali bayan haraji shi ne jangali, kuɗin da ake karɓa a kan kowane kan saniya. Ke nan duk saniyar da ta mutu asarar hukuma ce, ba ta mai ita kaɗai ba. Hakimi yana da lissafin garkunan ƙasarsa, ardo ya san wanda ya sauka da wanda ya tashi, mai unguwa ya san mashekarin da aka yi mushe. Ban ce an yi haka don ƙaunar makiyayi ba. Jangali ya yi wa Fulani nauyi, an yi zalunci a wajen karɓarsa, kuma da yawa sun riƙa ɓoye shanu ko su tsallaka iyaka zuwa Maraɗi idan lokacin ƙidaya ya zo. Amma ko da wace niyya aka yi, an samu hanyar da labarin ciwo ke tasowa daga ruga ya isa fada cikin 'yan kwanaki.

Gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya aka buɗe sashen kula da lafiyar dabbobi a Zariya, sannan a 1924 aka mai da shi Vom, musamman don a riƙa haɗa ruwan jinin rigakafin bushiya. Hanyar farko mai haɗari ce ƙwarai. Ana tara shanu a sansani, a yi wa saniya allurar jinin da ke ɗauke da cutar a gefe guda, a yi mata ta ruwan kariya a ɗaya gefen, sannan a tsare ta makonni har ta yi ɗan ciwon ta warke. Wasu suna mutuwa a sansanin. Ka duba irin yardar da ake bukata kafin Bafulatani ya koro dukiyarsa ya miƙa a sa mata ciwo da gangan! Amma sun kawo, domin sun ga cewa wadda ta fito daga sansani ba ta sake kamuwa. En'e ce ke ɗaukar nauyin sansanonin da albashin malaman dabbobi, waɗanda daga farkon shekarun 1940 aka riƙa horarwa a makarantar da ke Vom. Daga baya aka koma ga rigakafin da aka raunana ƙwayarsa ta hanyar bi da ita cikin jikin awaki, aka huta da tsare shanu.

Gagarumin aikin ya zo ne bayan mulkin kai. A 1961 aka yi taro a Kano, aka amince ƙasashe su haɗa hannu, domin saniya ba ta san iyaka ba. A 1962 aka fara gangamin da ake kira JP15 a Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Tsarin shi ne a yi wa kowace saniya allura sau ɗaya a shekara har shekara uku a jere, a huda mata kunne don shaida. A cikin gangamin ne aka rungumi rigakafin da Walter Plowright ya samar a Muguga ta ƙasar Kenya, wanda allura ɗaya ke kare saniya iya rayuwarta, sai dai dole a riƙe shi a cikin sanyi. A wannan zamani ne aka yi dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa a 1965, aka kuma yi aikin raya makiyayar Ruma-Kukar Jangarai a yammacin Katsina da tallafin Amurka. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar likitancin dabbobi a Zariya, 'ya'yan Arewa suka fara fitowa likitoci. Kafin a kammala JP15 a 1976 an yi wa shanu sama da miliyan 70 allura a ƙasashe 22. Bushiya ta yi ɓatan dabo a Najeriya, kowa ya ɗauka an gama.

Ba a gama ba. Yarjejeniyar ita ce kowace ƙasa ta ci gaba da yi wa maruƙa allura duk shekara, ta kuma sa ido. Ba a yi ba. A cikin shekarun 1970 aka soke jangali, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawar da En'e, farin 1973 kuma ya riga ya tarwatsa garkuna ya sauya musu hanyoyi. Soke jangali adalci ne, ina goyon bayansa har gobe. Kuskuren shi ne ba a kafa komai a gurbin lissafin da ya tafi tare da shi ba. Ba wanda aikinsa ne ya san yawan maruƙan da aka haifa a gundumar Ruma ko ta Kaita. Ƙwayar cutar kuwa tana nan laɓe a iyakar Mali da Muritaniya da kuma kudancin Sudan. A 1980 ta ɓullo ta Sakkwato, a 1983 ta shigo ta Barno, ta mamaye Arewa. An ƙiyasta asarar Najeriya a kan dala biliyan 2.

Yanzu a auna bayanan nan uku da wannan abin da ya faru. In rigakafi ne matsalar, ai na Plowright yana nan, Vom na haɗa shi, kuma babu abin da ya same shi. In kuɗi ne, har zuwa lokacin Najeriya ba ta taɓa riƙe kuɗi kamar na shekarun man fetur na 1970 ba, kuma a cikinsu ne aikin ya ruɓe. In jahilcin makiyayi ne, a 1983 makiyaya ne ke bin malaman dabbobi suna roƙon allura. Abin da ya ɓace shi ne mutumin da ke zuwa ruga a kai a kai, wanda aka sani da suna, wanda in ya ji an yi mushe zai kai labari gaba. Ƙarshen bushiya ma ya ƙara tabbatar da haka. A 1986 aka fara sabon gangami na Afirka baki ɗaya, Najeriya ta ga ciwon na ƙarshe a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Amma a lungunan Habasha da kudancin Sudan ba a ci nasara ba sai da aka samu rigakafi mai jure zafi, aka danƙa shi a hannun 'ya'yan makiyaya da aka horar, suka bi garkuna da ƙafa inda motar gwamnati ba ta zuwa. An ga bushiya ta ƙarshe a jikin ɓauna a Kenya a 2001, kuma a 2011 aka bayyana cewa ta ƙare a duniya. Bayan agana, ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa kawarwa.

Binciken da ake yi yau a Katsina yawancinsa a mayanka ake yin sa. Ɗalibai da malamai daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ta Zariya kan yi sammako su tsaya kusa da mahauta, su duba hanta da huhu, su ɗebi jini da kashi, su tsinci kaska su kai ɗakin gwaji. Aiki ne mai amfani, kuma ina jinjina wa masu yin sa da ɗan abin da ke aljihunsu. Ta nan aka san cewa tsutsar hanta ba ta rabuwa da shanunmu. Ita wannan tsutsa ƙwanta na fita a kashin dabba, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin wata ƙaramar katantanwa, ya fito ya manne a ciyawar bakin ruwa, saniya ta ci. Duk inda ruwa ke kwanciya da rani, irin bakin madatsun Ajiwa da Zobe da Jibiya da fadamun da ke kewaye da su, nan ne mahaɗarta. Sai dai mayanka ba ta nuna maka sai dabbar da ta iya kai kanta kasuwa. Wadda ta faɗi a daji ba ta cikin lissafi, kuma saniyar da aka saya a Mai'aduwa ko Charanci ba lalle a san garken da ta fito ba, balle rafin da ta sha. Gefen Dajin Rugu kuwa, daga Jibiya zuwa Batsari da Safana da Ɗanmusa, inda shanun suke, rashin tsaro ya yi shekaru yana hana mai bincike da mai allura shiga.

Tun daga tsuke bakin aljihun gwamnati na 1986 magani ya koma hannun 'yan kasuwa, makiyayi ya zama likitan kansa. Maganin sammore da ake ji da shi, Berenil da Samorin, tun shekarun 1950 da 1960 ake amfani da su, ba a samu sabo ba. Ana sayen su a tebur cikin rana, a dama da ruwan da aka samu, a raba abin da ya kamata a yi wa saniya ɗaya ga biyu. Haka ƙwayar cuta ke sabawa da magani har ya daina kama ta, kuma masu bincike a Afirka ta Yamma sun daɗe da tabbatar da hakan. Maganin tsutsar ciki na tumaki da awaki ma hanyar da ya kama ke nan. Ga kuma allurar kashe ƙwayoyin cuta da ake yi wa saniya yau a tatsi nononta gobe a kai birni. Wannan ya shafi kowane gida da ke shan fura.

Jarrabawar da ke gabanmu ita ce annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR, ƙanwar bushiya ce ta jini, alamominsu ma kusan ɗaya. An fara bayyana ta a Kodebuwa a 1942. Rigakafin da yawancin duniya ke amfani da shi an samo shi ne daga ƙwayar da aka ɗauka a Najeriya a 1975, shi ya sa sunansa Nigeria 75/1, kuma Vom na haɗa shi. A taron Abijan na 2015 ƙasashe suka ɗauki alkawarin kawar da cutar kafin ƙarshen 2030. Allura ɗaya na kare akuya shekaru, amma garken awaki na saurin sabuntuwa: ana haihuwa, ana sayarwa, ana yankawa da suna da layya, don haka duk shekara akwai sababbi da ba su da kariya. Kuma akuya a Katsina dukiyar mata ce, tana cikin gida, a Ƙofar Sauri da Ƙofar Marusa da Rafindaɗi, uku a nan, biyar a can. Kwalbar rigakafin ta dabba 50 ce ko 100, in an dama ta kuma sa'o'i kaɗan take yi ta lalace. Mai akuya uku ba za ta iya sayen kwalba ita kaɗai ba. Sai an samu wanda ya san gidajen, mai unguwa ya yi shela, a tara awakin unguwa a rana ɗaya, a rubuta na wa aka yi wa, a dawo baɗi saboda 'ya'yan da aka haifa. Cikin masu wannan aiki dole a samu mata, domin su ne za su iya shiga har turke.