Yadda Kakanninmu Suka Raya Sallah a Zangunan Gana

Yaron da aka haifa a Nima ko Sabon Zango a yau yana tashi ne ya tarar ranar Idi ranar hutu ce a ƙasa baki ɗaya: makarantu a rufe, ana sallah a Dandalin 'Yancin Kai, manyan gwamnati na zaune kusa da Babban Limami Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu. Yana tsammanin haka abin yake tun fil azal. Alhali sai a tsakiyar shekarun 1990, zamanin mulkin Rawlings, aka sanya Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah cikin ranakun hutun Gana. Kafin nan, fiye da shekara ɗari, mutanenmu ne kaɗai suke ɗaga wannan rana da hannunsu.

Goro ne ya kawo mu. Fatake daga Kano da Katsina da Kabi sukan yi watanni a hanyar Gwanja, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, madugu na gaba da ayari, har su sauka Salga su sayi goron da ke fitowa daga dajin Tonawa. Inda ayari ya yada zango aka yi masallaci, malami ya shimfiɗa buzunsa, yara suka kewaye shi da alluna. Da yaƙin basasar Salga ya ɓarke a 1892 sai jama'a ta watse, wasu Yeji, wasu Kete-Karachi, inda Alhaji Umaru, mashahurin malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934. Bayan Turawa sun karya ikon Tonawa zangon Kumasi ya bunƙasa. A birnin Ankara, wato Accra, Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Nima kuma ta biyo baya a shekarun 1930.

To, waɗannan mutane sun sami kansu a ƙasar da ba sarkin Musulunci da zai yi hawan Sallah, ba a buga tambari don an ga wata. A kudancin ƙasar, ranar Idi kasuwa na ci, ofis na buɗe, makarantar mishan na kiran suna. Dabarar da suka yi, a iya fahimtarmu, ita ce sun ba yaro aiki a cikin Sallah. Tun daren ganin wata yara ne ke zaga lunguna da albishir. Su ake aika wa tela a karɓo ɗinki, su ke bin uba da mudun zakkar fid da kai zuwa ƙofar mabuƙaci kafin a tafi Idi. A Babbar Sallah yaro ne ke wanke rago, shi ke riƙe ƙafa lokacin fiɗa, a kansa ake ɗora kason maƙwabta.

Wannan kai abinci ya cancanci a tsaya a kansa. Yarinya 'yar shekara bakwai za ta ɗauki kwanon tuwo ko masa, a ce mata ta kai gidan Baba wane, daga nan gidan Bayarabiya mai shago, daga nan gidan Batone mai zuwa coci. Dole ta san gidan, ta san sunan girmamawar mai gidan, ta durƙusa ta gaida shi da Hausa, ta amsa addu'arsa da amin. Kafin la'asar ta haddace unguwarta da danginta, ta koyi haƙƙin maƙwabci ba tare da an buɗe mata littafi ba. Abin da aka jefa mata a kwano kuwa har yau goron Sallah muke ce masa, ko da kuɗi ne. Sunan hajar da ta kawo kakanninta ne ya bi ta har ƙofar gida. Ba mamaki ta irin wannan cuɗanya ce koko da ƙosai da wake da shinkafa da tuwon zafi suka zama abincin kowa a ƙasar, da sunayensu na Hausa.

An jarraba wannan tsari a 1969. Ranar 18 ga Nuwamba gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Umarnin ya faɗo cikin watan azumi, wa'adin ma ya cika kafin a sha ruwan ƙarshe. Ƙaramar Sallar bana ɗin ta riski iyalai da yawa a kan iyaka ko a garuruwan da 'ya'yansu ba su taɓa gani ba, waɗanda suka rage kuma suka yi Idi da sahu mai giɓi. Duk da haka zango bai daina Sallah ba.

Daga baya sauƙi ya zo. A 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a hukumar ilimi ta ƙasa, makarantunmu suka haɗa Larabci da boko, sannan hutu ya tabbata. Mun gode wa Allah. Amma mu da muke zaune gaban dattawa muna rubuta abin da ake kawowa fada, muna ganin wani giɓi na daban. Iyalai sun koma sababbin unguwanni irin su Kasuwa da Adenta, bayan katanga da ƙofar ƙarfe. Goron Sallah ta waya ake tura shi, mahauci ake ɗauka ya gama da rago yaro na ɗaki, nama kuwa ɗan babur ke rarrabawa. Yaro ya sha sabon kaya, an ɗauke shi hoto, da yamma ya je kallon dawaki da kiɗan lasifika, amma ba wanda ya aike shi ko'ina. Jikokinmu da ke Ingila da Amurka, inda ranar ma ba hutu, nasu ya fi haka nisa.

Saboda haka muna roƙon iyaye, a bana kason gidan maƙwabci a miƙa wa yaro shi. A faɗa masa sunan mai gidan da gaisuwar da zai yi, in gidan da nisa a kai shi a mota a tsaya daga bakin ƙofa, a bar shi ya yi sallama da kansa.