Daga Firintar MIT Zuwa Garejin Apo: Gwani, Bakinsa da Tubansa

Wanda ya saba kai mota garejin kanikawa na Apo a Abuja ya san yadda sana'ar ta sauya. A da bakanike kan kasa kunne ya saurari ƙarar inji ya faɗa maka ciwon. Yanzu sai ya jona na'urar gwaji a ƙasan sitiyari, ta tambayi ƙwaƙwalwar motar, wani lokacin kuma ta ce wannan ƙofar a kulle take, makullin yana hannun kamfanin da ya ƙera. Mota taka, kuɗi naka, amma ba ka da ikon sanin abin da aka rubuta a cikinta.

Irin wannan takaicin ne ya haifi tafiyar manhaja mai 'yanci. Wajen 1980, a ɗakin binciken kwamfuta na jami'ar MIT a Amurka, an kawo sabuwar firintar Xerox mai yawan cije takarda. Wani matashi ɗan New York, Richard Stallman, haifaffen 1953, ya nemi asalin rubutun manhajarta don ya gyara, aka hana shi. Ranar 27 ga Satumba 1983 ya shelanta aikin GNU, wato gina tsarin kwamfuta cikakke wanda kowa zai iya amfani da shi, ya karanta cikinsa, ya gyara, ya raba wa maƙwabci. A 1985 ya kafa gidauniyar FSF, a 1989 ya fitar da lasisin GPL, mai sharaɗin cewa duk wanda ya karɓi manhaja da wannan 'yanci, in zai miƙa ta gaba, dole ya miƙa ta da shi. Turawa sun sha wahalar bayanin abin, domin kalma ɗaya gare su ta kyauta da ta 'yanci. Mu Hausa ta hutar da mu: 'yanci ake nufi, ko da an biya kuɗi. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya rubuta Linux, shekara ta gaba ya sa shi ƙarƙashin GPL. A kansa aka ɗora Android, saboda haka wayar da ke aljihun yaron gareji a Apo, da yawancin allunan gwajin da ogansa ke jonawa, suna ɗauke da guntun tunanin Stallman.

Sai dai gwanin yana da baki, magana kuwa zarar bunu ce. Shekara da shekaru yana rubuta ra'ayoyinsa a kan komai, ciki har da wanda ya rubuta a 2006 yana shakkar cewa mu'amalar lalata tsakanin babba da yaro tana cutar da yaron in har da yardarsa. Mata da dama a MIT da wuraren taro sun daɗe suna ƙorafin yadda yake sa su cikin takura. An sani, aka kau da kai, aka ce ai halin masu kaifin ƙwaƙwalwa ke nan. Torvalds ma an jure masa zagin masu taya shi aiki fiye da shekara ashirin, sai a Satumban 2018 ya fito ya ce halin nan ba daidai ba ne, ya ba da haƙuri, ya ɗauki hutu na kusan wata guda, aka kafa dokar ladabi a aikin Linux. Daga nan iskar ta fara juyawa.

Ta iso kan Stallman a Satumban 2019. Asirin attajiri Jeffrey Epstein, mai safarar 'yan mata, ya tonu, aka kuma gano MIT ta karɓi kuɗinsa. Ɗaya daga cikin matan, Virginia Giuffre, ta shaida cewa an tura ta wajen Farfesa Marvin Minsky na MIT, wanda ya rasu a 2016. Stallman ya rubuta wa abokan aiki yana kare mamacin: a ganinsa mai yiwuwa Epstein ya tilasta mata ta nuna wa Minsky kamar da son ranta ta zo, don haka kalmar cin zarafi ba ta dace da Minsky ba. Adalci ya wajaba a nan, domin wasu jaridu sun juya maganar kamar ya ce yarinyar da kanta ta yarda, alhali ba haka ya ce ba. Amma abin da ya faɗa ɗin ma ya isa. Ana maganar yarinyar da aka yi fatauci da ita, shi kuwa ya zauna yana auna kalmomi kamar mai gyaran nahawu a gidan makoki. Ranar 14 ga watan ya rubuta cewa ya sauya ra'ayinsa na 2006, ya gane abin yana cutar da yara. Ranar 16 ya ajiye muƙaminsa a MIT da shugabancin FSF.

Da a nan labarin ya tsaya da an ce ya biya bashinsa. A Maris 2021, a taron LibrePlanet, ya sanar da bakinsa cewa ya koma kwamitin gudanarwar FSF, ba tare da an shaida wa ma'aikatan gidauniyar ba. Mutum fiye da 3,000 suka sa hannu a takardar neman a cire shi, har da ƙungiyoyi irin su Mozilla da Tor. Wasu dubbai suka sa hannu a ta goyon bayansa. Kamfanin Red Hat ya dakatar da tallafinsa, babban daraktan FSF John Sullivan ya yi murabus, masu aikin Debian, wani tsarin Linux, suka kaɗa ƙuri'a suka zaɓi yin shiru. Ranar 12 ga Afrilu Stallman ya fitar da takardar ban haƙuri. Ya ce tun yana saurayi ba ya iya karanta abin da mutane ke nufi in ba su faɗa ƙarara ba, ya amsa cewa ya sa wasu cikin damuwa, musamman mata, kuma kuskure ne ya kare Minsky bai ambaci zaluncin da aka yi wa matan ba.

Abin mamaki, a wancan makon na Afrilun 2021 ne Abuja ta ɗauki zafi a kan irin wannan tambaya. Tsofaffin faifan wa'azin Ministan Sadarwa da Tattalin Arzikin Zamani, Isa Ali Pantami, sun ɓulla, inda ake jin kalaman tausaya wa Taliban da Alƙa'ida. Lokacin ana tsakiyar haɗa lambar NIN da layukan waya, bayanan miliyoyin mutane suna ƙarƙashin ma'aikatarsa. A wajen tafsirin azumi a masallacin Annur ya ce ya yi maganganun ne yana matashi, bisa fahimtarsa ta lokacin, kuma ya sauya matsayi a kan da yawa. Masoyansa suka tuna muƙabalar da ya yi da Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram, yana kare karatun boko. Masu suka suka lissafa shekaru, suka ce haifaffen 1972 ba yaro ba ne a shekarun 2000. Shugaban marasa rinjaye a Majalisar Wakilai na lokacin, Ndudi Elumelu, ya tada maganar a zaure, ba ta yi nisa ba. Ranar 22 ga Afrilu kakakin Shugaba Buhari, Garba Shehu, ya fitar da sanarwar cewa fadar shugaban ƙasa tana bayan ministan.

Laifin mutanen biyu ba iri ɗaya ba ne, kuma ba na haɗa su a sikeli. Yadda jama'a suka yi shari'ar ne ya yi kama. Ɓangare ɗaya na cewa dubi aikinsa, ɗayan na cewa dubi bakinsa, kowa yana amsa tambayar da ba a yi masa ba. Malamanmu sun daɗe da warware mana rabin matsalar: tuba na son nadama, da dainawa, da ƙudurin ba za a koma ba, in kuma akwai haƙƙin wani a mayar masa. Da wannan mudun na auna takardar Stallman, na ga nadama a cikinta, amma bayanin halittarsa ya cinye wuri fiye da na waɗanda ya ɓata wa. Na yarda ya sauya ra'ayi, mutum yakan sauya, kuma wanda ya hana a karɓi tuba ya koya wa masu laifi taurin kai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce yafiya ita ce takardar komawa kujera. Limamin da ya yi abin kunya ya tuba, ana sallah da shi a sahu ɗaya, ana cin tuwo da shi, amma unguwa na da ikon ta ce wani ya ja sallar. Kuma ban haƙurin Stallman ya zo ne makonni uku bayan ya riga ya zauna.

Pantami ya riƙe ma'aikatarsa har ƙarshen gwamnatin Buhari a Mayun 2023. FSF ta bar Stallman a kwamitinta, a Satumban 2023 kuma, wajen bikin cikar GNU shekara 40 a ƙasar Suwizalan, ya bayyana ba gemun nan nasa, ya ce yana jinyar ciwon daji. Masu kula da GCC, manhajar fassara umarnin kwamfuta da ya fara rubutawa ya saki a 1987, sun cire sunansa daga kwamitinsu a tsakiyar rikicin 2021. Ba su nemi izininsa don ci gaba da aikin ba, domin lasisin da ya rubuta da hannunsa ya ce ba sai sun nema ba. Sabon zubin GCC na 11 ya fito ranar 27 ga Afrilu 2021.