Shan Inna: An Gama Yaƙi, Ina Labarin Waɗanda Ta Shanye?

Yau na ajiye labarin soyayya gefe, zan ɗan taɓo tarihin wata cuta da kusan kowace unguwa a Wudil take da shaidarta, wato shan inna.

Sunan ma tarihi ne. Iyayenmu sun ɗauka Inna ce, wata aljana ta cikin bori, take shanye ƙafar yaro. Shi ya sa idan yaro ya kwana da zazzaɓi ya tashi ƙafa ta saki, ba asibiti ake fara nufa ba, sai wajen mai magani, a yi turare, a yi shafe-shafe. Alhali ƙwayar cuta ce da ke bin bayan gida ta shiga ruwa ko abinci. Cikin yara 200 da ta kama, kamar ɗaya take nakasawa, kuma idan ta shanye jijiya ta shanye ke nan.

Duk wanda ya yi wayo a 2003 ba zai manta ba. A shekarar ce gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da allurar, bayan su Dakta Datti Ahmed sun yi zargin an gauraya ta da maganin hana haihuwa. Jama'a kuma ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba, wanda maciji ya sara kuwa ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Sai a Yulin 2004 aka dawo da ɗigon, da maganin da aka sayo daga Indonesiya. Kafin nan cuta ta yi nisa, har Yaman sai da ta kai, kuma a 2006 yaran da ta shanye a Nijeriya sun haura 1,000. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a birnin Kano, Allah Ya ji ƙansu. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama a jihar nan, a Sumaila yake, nan kusa da mu, a Yulin 2014. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita, ko da yake ana ci gaba da ɗigo saboda wani nau'inta da ya rikiɗe.

To, abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, duk tsawon shekarun nan ɗigo ne yake bin mutane gida-gida, har rugage. Wanda ta riga ta shanye kuwa, shi ke bin asibiti. Mai neman takalmin ƙarfe, ko aikin miƙe ƙafa, ko gashin ƙashi, hanyarsa ita ce Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959. Daga Wudil wajen kilomita 40 ne, ga kuɗin mota na mutum biyu, kuma yaro yana girma takalmi yana matse shi. Da yawa sun je sau ɗaya ba su koma ba. Waɗanda suka fi share musu hawaye 'yan'uwansu ne, irin ƙungiyar masu shan inna ta Kano ƙarƙashin Aminu Ahmed Tudun Wada, waɗanda suke ƙera keken guragu da hannunsu, kuma suka riƙa bin ma'aikatan rigakafi suna nuna wa iyaye ƙafafunsu.

Akwai kuma abin da ba kowa ya sani ba. Likitoci sun tabbatar cewa bayan shekara 15 zuwa 40, wasu da suka yi shan inna sukan fara jin sabon rauni, da ciwon gaɓoɓi, da gajiya mai tsanani. Yaran 2004 da 2006 sun riga sun shiga wannan zango, wasunsu da aure da 'ya'ya.

A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, amma doka ba ta gasa ƙafa. Roƙona ga hukuma bai wuce a ware rana guda a wata a Babban Asibitin Wudil ba, a turo masu gashin ƙashi da masu auna takalmi, a duba mutanen Garko da Gaya da Sumaila a kusa da gida. Waɗanda suka iya ƙidaya kowane yaro don ɗigo, ba za su kasa ƙidaya waɗannan ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.