Daga BBC Micro zuwa Raspberry Pi: yadda wasa ya zama makaranta

A farkon shekarun 1980 ne kwamfuta ta fara shiga gidaje da makarantu a Turai. A Ingila, gidan rediyo da talabijin na BBC ya tsara shirin wayar da kan jama'a game da wannan na'ura, kamfanin Acorn na birnin Kambirij kuwa ya ƙera masa BBC Micro a shekara ta 1981. Faransa ta bi sahu a 1985, sa'ad da gwamnatin Laurent Fabius ta rarraba na'urorin Thomson cikin makarantu.

Na'urorin wancan zamani suna da wata siffa mai muhimmanci. Da an kunna su, ba abin da ke bayyana sai allo mai jiran umarni cikin harshen BASIC. Sau da yawa yaron da ke son wasa sai ya kwafi umarnin wasan daga mujalla, layi bayan layi. In ya yi kuskure, dole ya nemo shi ya gyara. Ta haka ne yara da dama suka koyi tsara manhaja ba tare da sun ankara ba.

Daga baya al'amari ya sake. Na'urorin wasa na shekarun 1990 sun fi ƙarfi da kyan hoto, amma a rufe suke: ana wasa da su, ba a taɓa cikinsu. Kwamfutar gida kuma ta yi tsadar da uba ba zai bar ɗansa ya yi gwaji da ita ba. Wajen 2006, Eben Upton da abokan aikinsa na Jami'ar Kambirij suka lura masu neman karatun ilimin kwamfuta sun ragu, waɗanda ke zuwa kuma ba su da ƙwarewar na da. Suka ƙudurta ƙera na'ura mai araha wadda yaro zai iya ɓatawa ba a yi babbar asara ba.

Ranar 29 ga Fabrairu 2012 aka fara sayar da Raspberry Pi a kan dalar Amurka 35. Allo ne guda, wanda bai wuce tafin hannu ba, ana haɗa shi da talabijin. An sa wa samfurorinsa na farko suna A da B don tunawa da BBC Micro, ƙwaƙwalwarsa kuma irin ta ARM ce, wadda Sophie Wilson da Steve Furber suka tsara a Acorn. A 2015 aka fito da Pi Zero a kan dalar Amurka 5.

Abin mamaki, manya ne suka fara rububinsa. Tun 1997 Nicola Salmoria, ɗan Italiya, ya soma MAME, manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin injinan wasa domin kada su ɓace. A 2012 aikin RetroPie ya tattara irin waɗannan manhajoji a kan Raspberry Pi, masu sha'awa suka shiga ƙera akwatunan katako suna farfaɗo da wasannin ƙuruciyarsu. Hatta Nintendo, wanda ke kai ƙarar masu raba wasanninsa ba izini, ya fitar da ƙaramar na'ura mai tsofaffin wasanni 30 a 2016.

Batun ya wuce begen ƙuruciya. Wani bincike na 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba su cikin kasuwa. Dokar haƙƙin mallaka na kare masu su, amma kaset da faifai suna lalacewa, kamfanoni kuma suna rushewa. Ƙungiyoyin raya al'adu sun san irin wannan matsala game da tsofaffin kaset na waƙa.

Ga malamai kuwa, darasin tarihin a fili yake: yaron da aka ba na'ura rufaffiya mai saye kawai zai zama, wanda aka bari ya buɗe, ya ɓata, ya gyara, shi ne ake sa ran ya ƙera ta gobe.