Yadda Mandiƙi Ya Iso Zaurukan Ƙasar Katsina

A Kunduru, kamar sauran garuruwan Kankiya da Kusada, idan an idar da sallar asuba malami kan zauna bisa buzu a zaure, ɗalibai su kewaye shi. Ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara. In an zo karatun tauhidi, kalmomi uku ne za ka ji suna ta dawowa: wajibi, mustahili, ja'izi. Abin da hankali ba ya karɓar rashinsa, da abin da ba ya karɓar samuwarsa, da wanda ko wanne ya halatta a gare shi. Ba kowane ɗalibi ya san irin tafiyar da kalmomin nan suka sha kafin su iso gabansa ba.

A Bagadaza aka fara, zamanin Abbasiyawa, lokacin da aka mayar da littattafan Aristo zuwa Larabci. Farabi, wanda ya rasu a 950, ya gyara ilimin mandiƙi, wato ƙa'idojin kafa hujja. Ibn Sina (ya rasu 1037) ya raba samammu gida biyu: Wanda samuwarsa wajibi ce, da waɗanda samuwarsu mai yiwuwa ce kawai. Sai Imam Gazali ya tashi da littafinsa Tahafutul Falasifa, ya kafirta masu falsafa a mas'ala uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san abubuwa ɗaya bayan ɗaya ba, da musun tashin jikkuna. Amma bai zubar da mandiƙi ba. Ya riƙe shi a matsayin ma'auni, har ya buɗe littafinsa na usulul fiƙihu, Almustasfa, da shi.

A Kurɗuba ta Andalus aka haifi mutum biyu da suka ɗauki maganar. Ibn Rushd (1126 zuwa 1198), alƙali Bamalike, ya mayar wa Gazali martani, ya ce shari'a da kanta ta umarci masu iyawa su yi nazari. Na biyun Bayahude ne, Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204. Da Larabci ya rubuta Dalalatul Ha'irin, cikin haruffan Ibrananci, domin mai bin Attaura da falsafa ta jefa cikin ruɗu. Yana girmama mandiƙin Farabi ƙwarai, kuma Yahudawan bayansa ne suka adana wasu littattafan Ibn Rushd ta hanyar fassara su. Bin Maimun ma bai tsira ba: malaman Yahudawa sun yi ta rigima kan littafinsa bayan mutuwarsa.

Mu namu rabon ta Magrib ya biyo. Shehu Magili, mutumin Tilimsan, ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya kuma zauna Katsina. Shi ne ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar, wanda ya haramta mandiƙi don asalinsa na Yunanawa ne. Magili ya tsaya kan cewa gaskiya ana karɓarta ko daga bakin wa ta fito. Ina ganin hujjarsa ta fi ƙarfi. Sai dai ba zan ɓoye abin da ke damuna ba: wannan Magili ɗin ne, kafin ya iso mu, ya jagoranci rushe majami'ar Yahudawan Tuwat, aka kashe mutane, alhali wasu malaman zamaninsa, irin su alƙalin Tuwat, ba su yarda da shi ba.

Littafin da ya fi ratsa zaurukanmu shi ne Ummul Barahin na Sanusi, wanda ya rasu a 1490. Daga nan siffofin Allah ashirin suka zo, kowace da dalilinta na hankali. Haka nan Ahalarin da yaro ke koyon alwala da ƙabli da ba'adi a cikinsa, mai shi, Abdurrahman Al'akhdari, shi ne ya tsara Sullam, waƙen mandiƙi, yana ɗan shekara 21.

Katsina ta Gobarau ba karɓa kaɗai ta yi ba. Muhammadu Alkashinawi ya yi rubutu kan lissafi da hatimai da mandiƙi, ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar.

Da abin ya wuce gona da iri, har wasu masu ilimin kalam suka fara kafirta talakan da bai iya kawo hujjar hankali ba, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya taka musu birki, ya ce imanin gama-garin Musulmi ingantacce ne. Jikansa kuwa, Abdulƙadir ɗan Tafa, ɗan Nana Khadija, wanda aka haifa a 1804, shekarar hijira zuwa Gudu, ya zauna a Salame yana koyarwa, yana rubutu kan falsafa da asalin samuwa, har ya rasu a 1864.